Yadda ake mayar da keken tsere zuwa faranti ɗaya a gaba

A keken tsere da ke yawo a Yamai, ba abin da ya fi saurin gajiya irin derayar gaba. Zaune take daidai inda tayar baya ke watso yashi, wayarta kuma ta ƙarƙashin akwatin feda take bi, inda ƙurar hunturu da taɓon damina ke taruwa. Ga shi garin ba wasu duwatsu gare shi ba. In ka cire hawan da ke tashi daga bakin kogi zuwa unguwar Plateau da makamantansa, sauran duk shimfiɗe ne, mutum sai ya yi wata guda bai sauko ƙaramin faranti ba. Shi ya sa ake cire derayar gaba da faranti ɗaya, a bar guda. Aikin ba wuya gare shi, amma rabinsa da ma'auni da biro ake yin sa, tun kafin a taɓa makulli.

Bari mu daidaita sunaye tukuna. Faranti shi ne faifan nan mai haƙora da ke maƙale da hannun feda, wanda masu gyara ke ce wa plato. Ƙananan faifan da ke tayar baya su ne pinyon, jerinsu gaba ɗaya kuma kaset. Derayar ita ce mai tura sarƙa daga wannan zuwa wancan, keji kuma ƙarfen jikinta ne da sarƙa ke ratsawa. Giya kuwa ita ce bites a bakin mutanen Yamai.

Kada wani ya ruɗe ka da zancen rage nauyi. Abin da za ka cire bai kai rabin kilo ba, babban kaset ɗin da za ka saka kuma zai maido wani abu daga ciki. Ribar gaskiya ita ce waya ɗaya ta ragu, saiti ɗaya ya ragu, wajen wanki ya buɗe, kuma ba sauran karar sarƙa tana gogar keji. Asarar ita ce ko dai ka rasa giyar gudu ta can sama, ko ta hawa ta can ƙasa, ko kuma tazarar da ke tsakanin giya da giya ta faɗaɗa. Ɗaya daga cikin ukun nan dole ne, sai dai ka zaɓi wadda za ka iya zama da ita.

Haƙori nawa?

Raba haƙoran faranti da na pinyon, abin da ya fito shi ne yawan juyin tayar baya a duk zagayen feda ɗaya. Keke mai faranti 50 da 34 da kaset 11-28 yana da 4.55 a sama, 1.21 a ƙasa. Wannan ne mizanin da za ka gwada sabon tsari da shi.

Ɗauki faranti mai haƙori 42 da kaset 11-34. A ƙasa 42 raba 34 ya ba da 1.24, kusan daidai da abin da kake da shi a da, wato ba ka rasa giyar hawa ba. A sama 42 raba 11 ya ba da 3.82. Taya 700x28 tana cin kimanin mita 2.14 a juyi ɗaya, don haka in ƙafarka na zagaye 90 a minti, za ka kai wajen kilomita 44 a awa kafin feda ta fi ƙarfinka. Da 50 da 11 kilomita 52 ne. Da faranti 44 wajen 46, da 40 wajen 42. Tambayi kanka da gaskiya sau nawa ka taɓa wuce 44 kana taka feda, ba gangarowa zuwa gadar Kennedy ba.

Ga mai yawo cikin gari da bakin kogi, da mai fita motsa jiki da asuba, 42 ko 44 ya wadatar. Mai shiga tsere ko tafiya cikin ayarin masu gudu ya fi dacewa da 46 ko 48, kuma shi ne ya kamata ya sake tunani ko yana son wannan canjin ma. Mai zama Tawa, in yana leƙa hanyoyin Adar wajen Keita da Buza inda akwai tuddai na gaske, ya sauko 40, ya nemi kaset mai 36 ko fiye.

Tazara ita ce abin da ba a ji sai an hau. Kaset 11-28 mai giya 11 yana tafiya 11, 12, 13, 14, 15, 17, haka. Na 11-34 kuwa 11, 13, 15, 17, 19, 21, 23, 25, 27, 30, 34. A gudun kilomita 30 da faranti 42, pinyon 15 zai sa ƙafarka zagaye kusan 84 a minti, 17 kuma kusan 95, babu 16 a tsakani. Ranar da ba iska ba za ka damu ba. Ranar da hunturu ya taso daga arewa maso gabas ya tare ka a ƙirji, nan ne za ka ji wannan ta yi nauyi, waccan ta yi sako-sako. Ana sabawa, amma gara ka sani tun yanzu.

In kekenka tsoho ne mai pinyon irin na murɗawa, wanda ake ɗaurawa kan zaren cibiyar taya, yawanci daga 14 yake farawa. To 42 ya yi kaɗan. Nemi 46, wanda zai ba ka wajen kilomita 38 a awa, ka haɗa da 14-34 mai giya 7 na Shimano. Shi wannan daga 24 yake tsallakewa zuwa 34 kai tsaye, giyar ƙarshen ta tsira ce kawai.

Farantin da za ka saya

Tsohon farantinka an ƙera shi ne don sarƙa ta sauka daga kansa cikin sauƙi. Duba shi da kyau, za ka ga wasu haƙoran an rage musu tsawo, ga ƴan ƙusoshi da tudu-tudu a bayansa. Da ka cire derayar gaba, ba abin da zai hana sarƙa amfani da waɗannan ƙofofin, ramin farko da ka faɗa za ta zube. Abin da ake so shi ne faranti mai haƙora siriri da kauri, ɗaya bayan ɗaya. Mai kaurin yana cika gaɓar sarƙa mai faɗi, siririn yana shiga matsattsiyar, sarƙa ta rasa wurin lilo. Kamfanin SRAM ne ya yaɗa wannan fasali a 2012 a kekunan dutse, yanzu kowa na yi. Saboda tsarin haƙoran, lambarsu kullum cika take: 38, 40, 42, 44. In an miƙo maka mai 43 an ce irinsa ne, mayar.

Sai awon da'irar notuna, wanda ake rubutawa BCD a jikin kaya. Kada ka dogara da ido. In notuna biyar ne, auna daga tsakiyar wani zuwa tsakiyar na kusa da shi. Milimita 64.7 na nufin BCD 110, milimita 76.4 na nufin 130, wajen 79.5 kuma 135 ne na Campagnolo. A kan 130 ba a samun ƙasa da haƙori 38. Tsofaffin kekunan Faransa masu hannun feda na Stronglight sukan zo da 122, wanda samun sabon farantinsa sai an sha wuya, gara a canza hannun fedar gaba ɗaya.

In notuna huɗu ne kuma Shimano ne na zamani, irin 105, Ultegra, Tiagra ko Sora, lambar 110 ce amma tazarar notunan ba ɗaya ba ce, biyu sun fi kusa da juna. Farantin 110 mai rami biyar ba zai hau ba, haka ma na keken dutse mai rami huɗu. Karanta lambar da ke bayan hannun feda, kamar FC-5800 ko FC-R7000, ka nemi farantin da aka rubuta wannan lambar a kansa. A 105 da Ultegra notunan ta baya suke shiga su kama jikin babban farantin kansa, to in ka cire shi ka cire macen notin ke nan. Tabbatar sabon farantin ya zo da nasa, ko ka saye su daban.

In kuma ka ga ba noti ko ɗaya, farantan an dasa su ne da ƙusar ribiti kamar yadda ake yi wa kaya masu araha, ba abin da za a kwance. Sai sabon hannun feda.

Notin faranti biyu-biyu ne, namiji da mace. Waɗanda ke kekenka an yi su ne don su ratsa faranti biyu da hannun feda. Da faranti ɗaya, namijin zai kai ƙarshen macen kafin ya matse komai, ka ji noti ya ɗaure tamau amma faranti na kaɗawa. Magani shi ne gajerun notuna na faranti ɗaya, ko rondel mai kaurin tsohon farantin a ƙarƙashin kowane noti. Wasu na goge macen da zarto har ta gajarta, yana yi in na ƙarfe ne kuma an goge su daidai wa daida.

Baya: kaset da derayar

Kowace derayar baya tana da iyakar pinyon da za ta iya hawa. Tsofaffin masu gajeren keji a 27 ko 28 suke tsayawa. Shimano 105 R7000 mai gajeren keji 30 ne, mai matsakaicin keji 34. Tiagra 4700, Sora R3000 da Claris R2000 masu matsakaicin keji su ma 34. In taka na cikin masu matsakaicin kejin nan, ka huta, kaset 11-34 da sarƙa kawai za ka saya.

In kana son wuce haka, ga abin da ke haɗuwa. Hannun giyar Shimano na keken tsere mai giya 8, 9 ko 10 yana jan waya daidai da derayar keken dutse ta Shimano mai giya 9 zuwa ƙasa, irin Alivio ko tsohuwar Deore. Wannan ita ce hanya mafi sauƙi a nan, don irin waɗannan derayar ba sa wuyar samu a kan kekunan dutse na hannu, kuma da yawansu na hawa 34 ko 36. Banda Tiagra 4700: giya 10 gare ta amma janta irin na masu giya 11 ne, abokiyarta ita ce GRX RX400 mai kai 36. Mai giya 11 kuma ya nemi GRX RX812, wadda ke kai 42. Derayar dutse ta Shimano mai giya 10 ko 11 ba ta jituwa da hannun keken tsere ko kaɗan, duk yadda ka murɗa saiti giya biyu za su yi daidai sauran su yi ta tsalle. A ɓangaren SRAM, hannun tsere mai giya 10 ko 11 yana aiki da derayar dutsensu mai giya 10.

Su GRX ɗin suna da kuloci a gindin keji, wanda ke hana kejin lilo in taya ta daki rami. A kwalta mai kyau faranti mai siriri da kauri shi kaɗai ya isa. In hanyarka ta gida ta ratsa jar ƙasa mai ƙunya-ƙunya, kuloci ya cancanci kuɗinsa.

Akwai kuma ɗan ƙarfen da ake ƙarawa tsakanin marataya, wato ƙarfen jikin keke da derayar baya ke rataye a kai, da derayar don a sauko da ita, kamar RoadLink na Wolf Tooth. Yana sa ta hau babban pinyon, amma yana nisantar da ita daga ƙananan, canjin giya a can sai ya yi nawa. Dabara ce ta wanda ba shi da zaɓi.

Yawan giyar kaset dole ya yi daidai da na hannun giya. Game da mazaunin kaset a cibiyar taya: na tsere mai giya 11 ya fi na 8, 9 da 10 tsawo da milimita 1.85. Kaset 11-34 mai giya 11 na Shimano da na keken dutse mai giya 11 suna hawa gajeren mazauni kai tsaye, a dogon kuma sai an sa zoben milimita 1.85 a baya. Yawanci yana cikin kwalin. In an manta shi, kaset zai yi ta motsi ko an ɗaure.

Kayan aiki

Kile alan 4, 5 da 8, Torx T30 in Shimano mai noti huɗu ne, turnabis, abin yanke sarƙa, makullin kaset da bulalar sarƙa, abin zare hannun feda in aksin mai kusurwa huɗu ne, ruler ta ƙarfe, giris, tsumma. Bulala da makullin kaset in ba ka da su, kai tayar wurin mai gyara ya kwance, amma ka tsaya a kai kada a sa guduma da kurfi.

Kwancewa

Wanke keken tukuna, don yashin da ke kai shi zai bi notuna ya shiga zare. Mayar da sarƙa ƙaramin faranti da ƙaramin pinyon, ta saki. Nemi mahaɗin sarƙa ka buɗe, in babu ka tura fil ɗaya da abin yankewa.

Danna hannun giyar hagu har ya koma ƙasa, sassauta notin da ya riƙe waya a derayar gaba, yanke bakin wayar da ya tarwatse, ɗaga robar hannun ka zaro ta ta can. Bututun wayar in a ƙarƙashin tef ɗin kan keke yake, sai ka warware tef ɗin hagu zuwa wajen hannun, ka cire, ka sake naɗewa. Hannun hagun ka bar shi inda yake, birki ne, giyar cikinsa kawai za ta zauna ba aiki. In waya ta cikin gangar keke take bi, toshe ramukan da ta bari da roba ko tef, in ba haka ba ƙura da ruwan wanki za su taru a akwatin feda.

Kafin ka cire derayar gaba, tsaya. In sabon farantinka bai iso ba, ko sarƙarka ta giya 6, 7 ko 8 ce wadda cikinta ya ɗan fi faɗi har haƙoran ba sa kama ta sosai, bar derayar a matsayin mai gadi. Ba waya, sai ka murɗa dunƙulen L, wato ɗan notin saiti mai harafin L a jikin derayar, ciki har kejin ya tsaya daidai saman farantin, sarƙa a tsakiyarsa, ƙasan kejin milimita 2 zuwa 3 sama da haƙora. Ba ta da kyan gani amma tana aiki. In ba ka bukatarta, kile alan 5 ya isa ya sauke ta.

Hannun feda irin Hollowtech II na Shimano, mai aksi manne da hannun dama: sassauta notuna biyu na hannun hagu, kwance murfin robar da ke tsakiya, ɗaga ɗan harshen da ke cikin tsagar, zare hannun, tura aksin ya fito ta dama. Mai kusurwa huɗu: cire notin tsakiya, duba ko rondel ya maƙale a ciki, murɗa abin zarewa har ƙarshen zare da hannu kafin ka sa ƙarfi. In ka tsaya rabi, zaren alminiyon zai biyo shi waje, hannun kuma ya zauna daram. Tsofaffin Stronglight zarensu milimita 23.35 ne ba 22 ba, abin zarewa na yau da kullum ba zai kama zaren ba, sai an nemi nasu.

Layin sarƙa

Nan ne aikin yake. Da faranti biyu, babban na hidimar ƙananan pinyon, ƙaramin na hidimar manyan. Yanzu guda ɗaya zai yi duka, to sai ya tsaya kusa da tsakiyar kaset gwargwadon iko. A keken tsere mai birkin rim, wato mai matse gefen kawanyar taya, tsakiyar farantan biyu tana milimita 43.5 daga tsakiyar keke, wato mazaunin waje wajen 46, na ciki wajen 41.

Ga yadda za ka auna naka. A gaba, auna daga gefen bututun sirdi zuwa tsinin haƙori, ka ƙara rabin kaurin bututun: 14.3 in bututun 28.6 ne, 15.9 in 31.8 ne. A baya, faɗin tsakanin ƙafafun keke milimita 130 ne a mai birkin rim, rabinsa 65. Auna daga fuskar ciki ta inda aksin taya ke zama zuwa pinyon na tsakiya, ka cire daga 65. Lambobin biyu in sun yi kusa da milimita 2 zuwa 3, ya yi. Mai birkin diski kaset ɗinsa ya fi fitowa waje da wajen milimita 2.5, mazaunin waje ya fi dacewa da shi.

Ciki ko waje? Farantin 42 ko 44 a mazaunin ciki yakan matso ƙafar keke ta baya. Ɗora shi da noti biyu ka juya, in tazarar haƙora da ƙafar ba ta kai milimita 3 ba, kada ka yarda, don keke na lanƙwasa in ka miƙe tsaye kana taka, haƙora za su sassaƙe shi. Wasu farantan an yi su da ɗan kwari, suna zama a mazaunin waje amma haƙoransu sun koma ciki da milimita 2 ko 3, su ne suka fi. In naka shimfiɗaɗɗe ne, mazaunin waje ba laifi ba ne a Yamai, tunda gudun kilomita 25 zuwa 30 a pinyon 15, 17 da 19 ake yin sa, duk a ɓangaren waje suke. Mai aksi mai kusurwa huɗu yana da ƙarin hanya: ya sa gajeren aksi, misali daga 113 zuwa 107, faranti ya koma ciki da wajen milimita 3. Sai dai tsofaffin kekunan Faransa zaren akwatin fedarsu daban ne da na Ingila da ke kasuwa, kada a tura da ƙarfi.

Wajen ɗaurewa, alamar da ke jikin faranti, ko ɗan ƙusa ko kibiya, tana zama bayan hannun feda, rubutu na kallon waje. Shafa giris kaɗan a zare, ɗaura duka da hannu, sannan ka matse ana tsallake ɗaya, ba bi da bi ba. Ƙarfin ɗauri da Nm ake auna shi: na ƙarfe Nm 12, na alminiyon 8 zuwa 9, sai dai in takardar kayan ta faɗi wani abu. Mayar da hannun feda: Hollowtech murfin roba da ƙarfin yatsu kawai, notuna biyun Nm 12 zuwa 14 ana musanyawa kaɗan-kaɗan. Mai kusurwa huɗu Nm 35 zuwa 50.

Kaset kuwa tsagarsa ɗaya ta fi sauran faɗi, ba ya shiga a karkace. Lambobi na kallon waje, zoben kullewa Nm 40. Derayar baya Nm 8 zuwa 10, kuma kafin ka ɗaura ta tsaya bayan keke ka dubi marataya. In ta karkata ko kaɗan, a miƙar da ita yanzu. Yawancin abin da ake ɗora wa saiti laifin marataya ne, musamman keken da ya sha jinginawa da faɗuwa ta dama.

Tsawon sarƙa

Sabon faranti da sabon kaset suna son sabuwar sarƙa. In kana shakkar tsohuwar, auna gaɓa 24, a sabuwa milimita 304.8 ne daidai. In ta ƙaru da 1.5 a mai giya 11, ko 2.3 a mai giya 10 zuwa ƙasa, ta gama.

Naɗa sabuwar a faranti da pinyon mafi girma, ba tare da ta bi ta derayar ba. Ja bakin biyu su haɗu, ka lura da wurin da za su iya ƙulluwa, ka ƙara gaɓa biyu, wato milimita 25.4. Ga derayar da aka yi don pinyon 40 ko 42, ƙara huɗu. Mahaɗin sarƙa shi ma gaɓa ce, a lissafa da shi, kuma bakin biyu dole su ƙare da matsattsiyar gaɓa. In kana kokwanto bar ta da tsawo, ragewa ba wuya, ƙarawa ce matsala. Lokacin ɗorawa tabbatar haƙori mai kauri ya shiga gaɓa mai faɗi. In ka ga sarƙa ta hau bisa haƙora ba ta zauna ba, ɗaga ta ka matsar da haƙori ɗaya. Wajen ratsa keji kuma lura da ɗan harshen da ke tsakanin ƴan tayoyin nan biyu, sarƙa ta cikinsa take bi. In ta bi ta waje za ka ji tana ƙara kamar ana niƙa.

Gwaji: a babban pinyon kejin ya miƙe gaba amma in ka tura shi da yatsa ya ƙara motsawa. In ya miƙe ƙam, sarƙa ta yi gajarta, rana ɗaya za ta fizge marataya. A ƙaramin pinyon kuma kada ta yi ciki ko ta goge jikinta a keji.

Saiti

Fara da dunƙulen H na derayar baya, mai tsayar da ita a ɓangaren ƙaramin pinyon, tun ba a ɗaura waya ba: ƴar tayar sama ta tsaya daidai ƙarƙashin ƙaramin pinyon. Tura derayar da hannu zuwa babban, daidaita L yadda za ta hau amma ba za ta wuce ta faɗa cikin wayoyin taya ba. Ɗaura waya Nm 6 zuwa 7 hannun giya na ƙasa. Hau babban pinyon ka murɗa dunƙulen B, wanda ke nisantar da derayar daga kaset, har tazarar ƴar tayar sama da haƙoransa ta kai milimita 5 zuwa 6. Sannan danna giya ɗaya-ɗaya. In tana jinkirin hawa, juya ganguwar saiti, wadda waya ke ratsawa, waje rubu'in zagaye a lokaci guda. In tana jinkirin sauka, mayar ciki, in kuma ta ƙi duk da haka, bututun waya ne ya cika da ƙura, a canza. Mai kuloci ya kashe shi wajen cire taya, ya kunna kafin gwajin ƙarshe, don yana ƙara wa giya ɗan nauyi.

In abu ya ƙi

Sarƙa na zubewa daga faranti a rami: duba tsawonta da farko, doguwar sarƙa ce ta fi jawo haka. Bayan ita sai kasalar sifirin ɗin keji, sai haƙoran da suka cinye. Araha ba ta ado, farantin alminiyon mai laushi yashi na side kaurin haƙoransa da wuri, ya koma kamar na da.

Sarƙa na gangarowa daga babban pinyon in ka juya feda baya: faranti ya yi waje da yawa. Rabin zagaye ko ɗaya ba komai, in nan take take faɗowa sai a matso da shi ciki. Kekuna masu gajeren baya sun fi yin haka, don kusurwar ta fi tsanani.

Gurnani a manyan pinyon biyu na ƙarshe: kaɗan dole ne a wannan tsarin. In ya yi yawa, ko B ta yi kusa ko layin sarƙa. Ƙas-ƙas a duk zagayen feda kuwa notin faranti ne, ko bai matse ba ko ya yi tsawo. Sake bin su da makulli bayan fita biyu ko uku na farko, sukan saki.

Tsalle in ka taka da ƙarfi: sabuwar sarƙa a tsohon kaset, ko gaɓa ɗaya ta ƙage inda aka haɗa. Juya feda baya a hankali kana kallon keji, za ka ga ya yi zillo in gaɓar ta zo wucewa, sai ka lanƙwasa ta gefe da gefe ta saki.

Sai mai. Baƙin man inji da ake ɗiga wa sarƙa a bakin titi shi ne babban abokin gabar wannan farantin, don yana kama yashi ya zama kamar dutsen wasa, kuma kwarin da ke gefen haƙora masu kauri wurin taruwarsa ne. Wanke sarƙa da kananzir ko gazwal, bari ta bushe sarai, ɗiga mai mara danƙo ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, juya feda, sannan ka goge bayanta da tsumma har ta daina baƙanta shi. Lokacin hunturu bi haƙoran faranti da tsohon buroshin haƙori duk mako. In ka ga sarƙa ta fara manne wa faranti ta ƙasa tana biyo shi sama maimakon ta sake shi, dattin ya yi yawa ke nan ko haƙoran sun fara yin ƙugiya, a duba kafin ta cusa kanta tsakanin faranti da ƙafar keke.